Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Manhajar Tarihi: Ina Sauran Shekarar 1492?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, malamanmu masu tsara manhajar tarihi, da masu wallafa littattafan makaranta, da masu shirya tambayoyin jarrabawa. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara taimako a kan wannan nauyi da kuka ɗauka.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke cikin birnin Kano, na kusa shekara ashirin ina shaƙar ƙurar alli. Wannan wasiƙa ba tawa ba ce ni kaɗai. Ina magana ne a madadin abokan aiki da muke haɗuwa lokacin gyaran takardun jarrabawa, da wasu iyayen yara da suka sha tare ni a bakin ƙofar makaranta suna tambayar me muke koya wa 'ya'yansu.

Mun yi murna da aka dawo da darasin tarihi bayan an cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare tun wajajen 2009. Yaran da suka yi karatu a wancan tsakani yanzu wasunsu sun zama iyaye, kuma mun ga abin da rashin ya haifar. To, tun da an dawo da shi, kuma ana ta sake rubuta littattafai, gara mu kawo kukanmu tun tawada ba ta bushe ba. Don kada maganar ta watse, zan riƙe shekara ɗaya tak in yi misali da ita, wato 1492, wadda ta yi daidai da 897 zuwa farkon 898 ta Hijira.

Kuka na farko shi ne yadda aka matse wannan shekara ta koma jimla ɗaya. Ka tambayi kowane ɗalibi me ya faru a 1492, idan ya sani, zai ce maka Kolumbus ya gano Amurka. Shi ke nan. Wata rana na rubuta wannan jimla a allo kamar yadda take a littafi, sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu lokacin muna ina?" Kafin in buɗe baki wani yaro ya ce, "Muna daji mana." Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi dariyar ba, domin daga ajin nan zuwa Gidan Rumfa tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba, kuma wanda ya gina gidan, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, yana kan karaga a ranar da jiragen Kolumbus suka bar tashar Falos ta Sifaniya. Ya hau mulki a 1463, ya rasu a 1499. Yaron nan yana bi ta Kasuwar Kurmi kullum idan an aike shi, bai san cewa a zamanin wannan sarki aka kafa ta ba. Ban ga laifinsa ba. Abin da muka ba shi ya haddace, shi ya mayar mana.

Ita kanta kalmar "gano" tana buƙatar a sake duba ta. Ranar 12 ga Oktoba da Kolumbus ya sauka a wani tsibiri na Bahamas, mutane ya tarar, 'yan ƙabilar Taino, da gonakinsu da kwale-kwalensu da sunan da suke kiran tsibirinsu, Guwanahani. A can cikin nahiyar akwai daular Aztek da babban birninta a tsakiyar tafki, akwai daular Inka da hanyoyinta a kan duwatsu. Kolumbus kuwa har ya mutu a 1506 yana da'awar cewa gefen Asiya ya isa. Ya kama wasu daga cikin mutanen ya tafi da su Sifaniya don a gani, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aikin tilas da cututtuka irin su agana suka kusa shafe Taino daga doron ƙasa. Idan baƙo ya shigo Kurmi yau ya ce ya gano ta, 'yan kasuwa za su tambaye shi ko lafiya. Me ya sa muke sa yara su haddace irin wannan magana ba tare da ko tambaya ɗaya ba?

Kuka na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne yadda aka raba tarihi gida biyu. Tarihin duniya yana wani babi, a wani zangon karatu. Tarihin ƙasar Hausa da Songhai da Borno yana wani babin daban, kamar ba a rana ɗaya suke shanya ba. Ku ba ni dama in jera muku shekarar yadda ta zo, ku gani ko za ta rabu.

Ranar 2 ga Janairu, Sarki Abu Abdullahi Muhammad, na ƙarshe a sarakunan Banu Nasr, ya miƙa makullan birnin Garnaɗa ga sarakunan Sifaniya Kiristoci, Fadinand da matarsa Izabela. Da wannan mulkin Musulmi a Andalus ya ƙare, bayan kusan shekara ɗari takwas tun 711. Kolumbus yana wurin, ya gani da idonsa, kuma a sansanin Santa Fe da aka kafa don yaƙin Garnaɗa aka sa hannu a yarjejeniyar tafiyarsa da sarakunan cikin watan Afrilu. Shekaru ya yi yana bin ƙofar fada ana ce masa ya jira a gama yaƙi. Ashe faɗuwar Garnaɗa da tafiyar Kolumbus igiya ɗaya ce ta ɗaure su, amma littafinmu ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya. Ranar 31 ga Maris sarakunan biyu suka ba da umarni cewa duk Bayahuden da bai karɓi Kiristanci ba ya fice daga ƙasar kafin ƙarshen Yuli. Da yawansu suka tsallaka zuwa Fas da sauran biranen Arewacin Afirka, wasu suka nufi ƙasar Sarkin Usmaniyya Bayazid na Biyu, wanda ya karɓe su. Ranar 3 ga Agusta jirage uku suka tashi da mutum wajen casa'in. A cikinsu akwai wani tafinta, Luwis de Tores, Bayahuden da ya koma Kirista, wanda aka ɗauka saboda yana jin Larabci, don ana zaton sarakunan Gabas da za a tarar za a iya magana da su da shi. Wannan ɗan bayani kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi matsayin Larabci a duniyar wancan zamani. Tafintan nan ne kuma aka tura cikin tsibirin Kyuba ya dawo da labarin mutane masu zuƙar hayaƙin wani ganye. Taba ke nan.

Yanzu mu tsallako Sahara, a shekarar dai. Cikin watan Nuwamba, wata guda bai cika ba da saukar Kolumbus, Sonni Ali Sarkin Songhai ya rasu a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi. Marubutan Tumbutu sun ce ruwa ne ya ci shi. Shi ne ya ci Tumbutu da Jenne ya mayar da Songhai daula. Ɗansa Sonni Baru ya gaje shi, amma bai yi wata shida ba Muhammadu Ture ya karya shi a Anfawo cikin Afrilun 1493, ya zama Askiya Muhammadu, wanda ya yi mulki har 1528, ikonsa ya kai Agadas, kuma a hannunsa Kanta na Kabi ya ɓalle. A Borno, Mai Ali Gaji yana zaune a sabon birninsa na Ngazargamu. A bakin teku, Turawan Fotugal sun riga sun shekara goma da gina ganuwarsu ta Elmina a ƙasar da ake kira Ghana yau, suna sayen zinariya, kuma shi Kolumbus ɗin ya taɓa zuwa wurin a jirginsu kafin ya yi suna. Wato a gaɓar Afirka ta Yamma ya ƙara gogewa da teku.

A wajajen wannan shekara ne kuma Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya iso Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafin nan Taj al-Din a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, babi takwas, yana ta maimaita gargaɗi ɗaya a cikinsa: babbar musiba ita ce sarki ya ɓuya wa talakawansa. Daga baya ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya, kuma bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu da Malam Abdullahi suka dogara da waɗannan rubuce-rubuce nasa. Har yau akwai unguwar Sharifai a Kano, kuma mutanenta suna danganta kansu da zuwansa. A Alƙahira, Imam Suyuɗi yana raye yana rubutu, ya kuma aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina. Duk almajirin da ya yi karatun Jalalaini ya san sunansa, amma da wuya ka sami wanda ya san cewa shi da Kolumbus da Rumfa zamani ɗaya suka yi.

Ku duba yadda zaren ya ci gaba da warwarewa. Alkawarin da aka yi wa Musulmin Garnaɗa na barin su da addininsu bai shekara goma ba aka karya shi. Iyalai suka yi ta hijira zuwa Maroko. A cikinsu akwai iyayen wani yaro, Hasan al-Wazzan, wanda ya girma a Fas, Turawa suka san shi da Liyo Afirkanus, kuma ta littafinsa da aka buga a 1550 masu karatu a Turai suka ji sunayen Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara. Sannan a 1591, shekara 99 bayan Garnaɗa, rundunar Maroko mai bindigogi ta keto Sahara ta karya Songhai a Tondibi. Jagoranta, Judar Basha, haifaffen Sifaniya ne, kuma akwai 'yan asalin Andalus da yawa a cikin mayaƙansa. To, a wane babi za a sa wannan? Na duniya ko namu?

Idan an ce waɗannan duk maganar sarakuna ce, mu shiga madafa. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali, duk daga waccan nahiya suka fito, suka iso mu a ƙarnukan da suka biyo bayan 1492. Rumfa, da dukan kakaki da figini da takalmin gashin jimina, bai taɓa cin ƙuli-ƙuli ba, kuma miyarsa ba ta san attaruhu ba. Masoro da kimba ne yajin zamaninsa. Gero da dawa da wake namu ne tun asali. Ranar da na faɗi haka a aji, yaran da suke gyangyaɗi ma sai da suka farka, wani ya rantse ba zai yarda ba sai ya tambayi kakarsa. Dalar gyaɗar da Kano ta yi alfahari da ita a ƙarni na ashirin, jikanyar waccan tafiya ce. Ta ɗaya ɓangaren kuma, rake da Kolumbus ya kai can a tafiyarsa ta biyu, a 1493, shi ya buɗe ƙishin bayi da ya kwashi miliyoyin 'yan Afirka, har da Hausawan da aka kai Bahiya ta Birazil, waɗanda suka shirya tawaye a can a 1807. Yaron da ya ce muna daji, da an koya masa wannan, da ya san cewa abin da ke cikin kwanonsa ma tarihin duniya ne.

Kuka na uku gajere ne. Yaranmu suna rayuwa da kalanda biyu da makaranta biyu. Da safe boko tana ba su shekarun Miladiyya, da yamma Islamiyya tana ba su na Hijira, babu wanda ya taɓa haɗa musu su. Yaro zai ji an ce Suyuɗi ya rasu a 911, ya ji an ce Kolumbus ya mutu a 1506, ya ɗauka shekara ɗari shida ce tsakaninsu, alhali ba ta wuce shekara guda ba. Kuma kusan duk abin da na faɗa a sama, ɗalibi ba zai same shi a rubuce da Hausa mai sauƙi ba, sai ya bi ta Turancin da bai gama kama shi ba.

Kuka na huɗu zai yi wa wasu ɗaci, har da abokan aikina, amma dole in faɗa. Ba muna roƙon a cire yabon Kolumbus a maye shi da yabon namu ba ne. Tarihin kirari ya cika mana littattafai: kowane sarki jarumi, kowane malami waliyyi. Maghilin nan da muke girmamawa, kafin ya zo Kano, shi ya jagoranci matakin da aka ɗauka a kan Yahudawan Tuwat da ke Saharar Aljeriya ta yau, aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit, kuma alƙalin garin, al-Asnuni, ya saɓa masa a kan haka, malaman Magrib suka rabu gida biyu. Wannan ya faru daf da lokacin da ake korar Yahudawa daga Sifaniya. Sonni Ali, malaman Tumbutu sun rubuta shi a matsayin azzalumi, alhali mutanensa suna tuna shi a matsayin gwarzo. Ɗalibi ya kamata ya tambayi wa ya riƙe alƙalamin, kuma a zamanin wa aka yi rubutun. Rumfa ya kafa majalisar Tara ta Kano ya faɗaɗa ganuwa, haka kuma ya shafe shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina ba wanda ya ci wani. Bayi kuwa ana tsallaka Sahara da su tun kafin jirgin Bature ya zo. Idan muka ɓoye wannan, ranar da yaro ya ci karo da shi a intanet daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa, zai daina yarda da duk sauran abin da muka koya masa. Na ga haka ya faru ga wani tsohon ɗalibina mai hazaƙa, ya dawo hutu daga jami'a ya ce mini, cikin ladabi amma da ɗacin rai, "Malam, ashe rabin labarin kuka ba mu."

Na biyar shi ne kayan aiki da jarrabawa. A ajina babu taswirar duniya. Wadda muke da ita ta yage tun bara waccan, ni nake zana Bahar Rum da Sahara da alli, har yara suna ce wa Italiyata ƙafar kaza. Abin ban haushi, a 1492 ɗin nan ne wani Bajamushe, Matin Behaim, ya ƙera dunƙulen taswirar duniya a Nurembag, wanda shi ne mafi daɗewa da ya rage har yau, kuma babu Amurka a jikinsa. Hotonsa kaɗai darasi ne guda. Sannan muddin tambayar jarrabawa ita ce "wa ya gano" da "a wace shekara", malami zai koyar da hadda ne, domin shi ma ana auna shi da sakamakon yaransa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A gyara jimlar nan. A rubuta cewa Kolumbus ya isa tsibiran Amurka a 1492, a faɗi waɗanda ya tarar da abin da ya same su.

A kowane zangon karatu a ware aƙalla darasi ɗaya da za a ɗauki shekara guda a zagaya duniya da ita a shafi ɗaya: wa ke mulki a Kano da Katsina da Borno da Gawo da Benin, wa ke Alƙahira da Santambul da Delhi da Sin, wane malami ke rubutu, me ake saye da sayarwa. An fara da 1492, ana iya biyo ta da 1591, da 1804 wadda Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a shekarar da Haiti ta ayyana 'yancinta kuma Nafoliyon ya naɗa kansa sarkin Faransa. Wannan ba ya buƙatar ƙarin awa a jadawali, sake jeri ne kawai.

A riƙa rubuta shekarun Hijira kusa da na Miladiyya a duk inda ake maganar ƙasashen Musulmi. Aiki ne na layi ɗaya ga mawallafi, amma zai haɗa wa yaro karatunsa na safe da na yamma.

A samar da ƙananan littattafan karatu da Hausa, masu arha, a kan mutanen kowane zamani, kuma kada a tsaya kan sarakuna. A sa malamai da fatake da matuƙan jirgi irin su Ahmad bin Majid da ke rubuta ilimin tekun Indiya a wannan lokaci, a sa mata irin su Izabela da ta riƙe masarautar Kastila ta Sifaniya da hannunta. A bar sunayen wurare yadda muke kiransu: Tumbutu, Agadas, Fas, Andalus. Inda masana suka saɓa a faɗi cewa sun saɓa.

A ba kowace makaranta taswirar duniya ɗaya da ta Afirka ɗaya, masu ƙwari, waɗanda za su jure hannun yara. A kuma sa ziyarar wuraren tarihi cikin manhaja, ta yadda shugaban makaranta ba zai ce ɓata lokaci ba ne idan malami ya nemi kai yara Gidan Makama ko hasumiyar Gobarau.

Masu shirya jarrabawa kuma, don Allah a riƙa tambayar dalili da alaƙa. Tambaya ɗaya kamar "bayyana yadda abin da ya faru a Sifaniya a 1492 ya shafi Afirka ta Yamma" za ta canza yadda malamai dubu suke koyarwa cikin shekara ɗaya.

A ƙarshe, a riƙa kiranmu idan za a zauna. Mu ne muke tsaye gaban yara sittin ko saba'in a aji, mun san inda littafi yake tsinkewa. Ni da wasu abokan aiki huɗu mun riga mun rubuta darasin 1492 da Hausa, shafi shida da taswira ta hannu, mun gwada shi a azuzuwanmu zango biyu. Yarinyar da ta yi waccan tambaya tana cikin waɗanda suka fara karanta shi, ita ce ma ta nuna mana mun manta ba mu sa Katsina a taswirar ba. Mun gyara. Idan kuna so, za mu kawo muku kwafi ku duba, ku yi masa gyaran da ya dace.

Allah ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin tarihi daga birnin Kano, a madadin abokan aiki da iyayen yara.